Alƙalamin Roba a Ɗaurin Auren Litiana

In kana son sanin Masta Sekove, tambayi mutanen garinmu Nasoki, amma ka lura, kowa sai ya waiga bayansa kafin ya ba ka amsa. Masunta sun ce ko ba suna a jikin takarda yana gane hannun da ya rubuta ta, har ya faɗa maka shekarar da mai hannun ya bar ajinsa. Mata suna da nasu labarin: wai wasiƙar farko da marigayiyar matarsa ta aiko masa suna saurayi da budurwa, layi ya ja a ƙarƙashin kurakurai huɗu ya mayar mata, kuma duk da haka ta aure shi. Sala taubashiyata, wadda ba a yi wa bakinta linzami ba, cewa take yi ranar da Masta ya isa ƙofar Aljanna sai ya nemi a miƙo masa littafin mala'iku ya duba ko layinsu ya miƙe.

Shekara talatin da takwas ya yi yana koyarwa a tsibirinmu, kuma ya fi haka daɗewa yana riƙe da littafin coci, wanda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa a ciki. Biro bai taɓa hawa kan littafin nan ba. Masta ya ce biro na rubuta saƙon cefane ne, sunan mutum kuwa sai da alƙalamin tawada. Nasa baƙi ne mai bakin zinariya, kuma ba ya ba da aronsa, domin a cewarsa bakin alƙalami da hannu ɗaya yake sabawa.

Ni wata huɗu na yi a ajinsa ina ɗan shekara bakwai, sai mahaifina ya rasu, na koma fasa kwakwa da shanya ta. Ina da shekara arba'in da tara na zauna a tabarmar mata ranakun Talata da Alhamis, inda matar wani malamin asibiti ke koyar da manya. An yi mini dariya wata guda, sannan aka gaji. Gemu ba ya hana ilimi, amma yana hana sauri: har yau a hankali nake rubutu, harafi bayan harafi, kamar mai shuka gwaza.

Da yanar tsufa ta rufe idon Masta, hannunsa kuma ya fara rawa, dattawa suka zauna. Matasan da suka yi karatu duk suna babban birni, Suva. Waɗanda suka rage rubutunsu kamar sawun kaguwa a yashi. Talatala, faston da ke zagaya tsibiranmu biyar yana leƙo mu sau ɗaya a wata biyu, ya ce in babu mai riƙewa zai tafi da littafin babban tsibiri, a riƙa aika masa sunaye. Babu wanda ya so haka. Sunayen iyayenmu ne a ciki, kuma littafin bai taɓa ƙetare ruwa ba. Sai wani ya ambaci sunana. Masta ya ce gara littafin ya ƙetare. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa a gwada ni a aure na farko da za a ɗaura: in na rubuta shi lafiya, littafi ya zauna a hannuna, in na ɓata, ya bi Talatala.

Auren farko da ya zo kuwa na Litiana ne, jikar Masta.

'Yar Sala ce ta sayo mini alƙalamin a Suva ta aiko a jirgin kaya. Kore ne, na roba, irin wanda ake saya wa 'yan makaranta masu koyo, da 'yar kwalbar tawada shuɗiya. Na kai wa Masta ya gani. Ya auna shi a tafin hannu, ya buɗe murfin, ya kai bakin kusa da idonsa.

"Ƙarfe ne," ya ce. "Ƙarfen gwangwanin kifi."

"Yana rubutu, Masta."

"Gawayi ma yana rubutu. Araha ba ta ado, Waisale."

Wata uku na yi ina gwaji da shi kowace safiya a rumfar shanya kwakwa, har na san halinsa kamar yadda ake sanin halin tsohon injin kwalekwale. In ka bar shi a buɗe kana tunanin kalma, sai ya bushe, sai ka lallashe shi. In ya ji zafi, yana tara tawada a baki ya tofar. Murfinsa ya tsage tun mako na biyu, na ɗaure da zaren kamun kifi. Sannan ga ƙara: bakinsa yana karce takarda, ƙar-ƙar-ƙar, kamar kaguwa a cikin bokiti. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma muddin na kiyaye masa waɗannan, bai taɓa ba ni kunya ba.

Ranar auren tun da sassafe aka buga gangar itace. Hayaƙin ramin gashi ya rufe gari, mutanen ango sun iso a kwalekwale uku, Talatala a na huɗu. Mai tuƙa shi ya faɗa tun a bakin ruwa cewa ƙarfe biyu za su juya, don in ruwa ya janye daga kan duwatsun murjani babu fita sai washegari, kuma akwai jana'iza tana jiran Talatala a tsibirin gaba.

Mata sun fito da kwalaben man kwakwa da aka jiƙa furanni a ciki. Amarya da ango an shafe su har suna ɗaukar ido, sannan aka bi dattawan gida ɗaya-ɗaya. Sala ta hango ni.

"Zo nan, kai busasshen ɓawo! Za ka tsaya gaban baƙi fatarka kamar ta ƙadangare?"

"Kafaɗa kawai, Sala."

"Ji shi, wai kafaɗa kawai. Tun da ya zama magatakarda sai iyayi. Kawo hannun!"

"Alƙalamin zai zame mini."

Ta bi ni har gindin mangwaro, mata na ta shewa. Na cusa hannuwana a hamata na ƙi fito da su. Ta yi tsaki ta zuba mini ragowar a ƙeya.

"In ka ba mu kunya yau," ta ce ƙasa-ƙasa, ba dariya a fuskarta, "ni da kaina zan jefa ka a ramin gashin nan."

Kafin a shiga coci na shimfiɗa littafin a kan ɗan teburin da ke kusa da taga. Ina cikin haka na ji ƙarar sandar Masta. A matsayinsa na kakan amarya, mata sun yi masa shafa ta musamman, daga wuya har farce, ga abin wuya na furanni har ƙirji. Ya ce in buɗe masa shafin. Da yake ba ya gani sosai, da hannu yake dubawa: ya ɗora tafinsa a tsakiyar shafin ya danna, ya guga don ya kwantar da takardar, sannan ya bi layuka da yatsa yana ƙirgawa.

"Nan. Na goma sha ɗaya. Ango, amarya, shaidu. Layi uku, kada ka haura, kada ka sauka."

"To, Masta."

Ina tsaye ina kallonsa ya yi haka. Abin da kawai ke kaina shi ne ko sunan ango, Apisai, da P ɗaya ake rubutawa.

Takardar gwamnati Talatala ke cike ta da bironsa, ba wanda ya damu da ita. A wurinmu aure bai zauna ba sai an rubuta shi a littafi a gaban jama'a. Mawaƙa suna waƙa, mai rubutu yana rubutu, ba sa tsayawa sai ya ɗaga hannu. Masta yakan gama kafin baiti na uku.

Awa biyu aka yi ana wa'azi a ƙarƙashin rufin kwano, alƙalami yana aljihun rigata, manne da ƙirjina. Da Talatala ya yi mini alama, na tashi. Litiana da Apisai suka tsaya gaban tebur. Mawaƙa suka ɗauka. Na cire murfi, na ɗora baki a layi na goma sha ɗaya, na ja ƙafar A ta farko.

Rabinta ta fito. Rabin kuma babu.

Na sake ja. Tawadar ta tsaya ɗigo-ɗigo kamar raɓa a kan ganyen gwaza, ta ƙi zama layi. Na matsa gaba kaɗan na gwada P. Ba komai, sai sawun baki a takarda. Na ce a raina ya bushe ne, na ɗan danna, na juya shi, na sake. Mawaƙa sun shiga baiti na biyu.

"Kawu, lafiya?" Litiana ta raɗa.

"Lafiya, 'yata."

Sai na yi abin da na san bai kamata ba: na girgiza shi. Alƙalamin da ya sha zafin jikina awa biyu ya tofar da abin da ya tara. Ɗigo ɗaya, mai girman ƙwayar masara, ya faɗa gefen shafin, dab da sunan wani jariri da Masta ya rubuta bara. Na danna masa gefen hankici, ya baje.

Baiti na huɗu ya ƙare. Shugabar mawaƙa ta dubi hannuna, ba ta ga ya ɗagu ba, ta koma baiti na farko. A lokacin ne jama'a suka gane akwai matsala. Na ji bencuna suna motsi. Daga ɓangaren baƙi wata tsohuwa ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Sunan ɗanmu ne alƙalamin ya ƙi, ko me?"

Talatala ya sunkuyo, bironsa a hannu. "Waisale, karɓi wannan. Ruwa ba ya jira."

"Me ake jira?" Muryar Masta ce daga bencin gaba.

Ba wanda ya amsa.

"Na ce me ake jira? Ku tsai da waƙar nan!"

Waƙa ta mutu a tsakiyar kalma. Ya miƙe, ya dogara sandarsa, ya juya ya fuskanci jama'a kamar yadda yake fuskantar aji.

"Na faɗa wa dattawa. Ban ɓoye ba. Wata huɗu mutumin nan ya yi a ajina, bai wuce harafin D ba. Aku ma yana koyon magana, amma tara masa jama'a ka ji. Haruffan sun gudu daga kansa, shi ke nan. Baƙinmu, ku yi mana haƙuri. Mun ɗauko mai fasa kwakwa mun ba shi abin wasan yara, mun tsayar da shi a kan auren 'yarmu."

Na tsaya, alƙalami a hannu, ina kallon ƙasa. Akwai jikokina biyu a cikin cocin. Ban ɗaga kai na neme su ba.

"Matsa," ya ce.

Na matsa. Ya laluba ya sami tebur, ya zaro baƙin alƙalaminsa, ya murɗe murfin. Ya nemo layin da yatsa, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takarda, ya fara. Hannunsa na rawa, amma da ya shiga rubutu sai rawar ta ragu. Na ga wuyan hannun yana hawa yana sauka, yana lanƙwasa manyan haruffan nan da duk tsibirin ya sani. Ango. Amarya. Shaidu.

Babu abin da ya fito. 'Yan ɗige-ɗige nan da can, da wutsiyar harafi ɗaya.

Ya miƙe, ya mayar da murfi. "Haka ake yi," ya ce, ya ɗaga hannu.

Coci ya yi tsit. Mu huɗu ne muke ganin shafin: ni, Talatala, ango da amarya. Apisai ya kawar da kai. Litiana ta sa hannu ta toshe bakinta. Na baya ba su san me ya faru ba, amma sun ga fuskokinmu.

Talatala ya dubi agogo, ya yi gyaran murya. "Mun gode, Masta." Sannan ya rage murya, ya ce mini, "Ina ga takardar ta sha danshi ta lalace. Ba laifin kowa. Zan tafi da shi, a can akwai akwatin ƙarfe." Ya kama bangon littafin zai rufe.

Na ɗora hannu a kai.

Ban taɓa riƙe wani abu da Talatala ke ja ba. Ya dube ni, na dube shi.

"Minti biyu, ranka ya daɗe."

Abin da ya sa na yi haka ba gani ba ne, ji ne. Ina tsaye a gefe Masta na rubutu, kunnena ya tuna mini abin da tsoro ya hana ni lura da shi ɗazu. Alƙalamina da ke damun kowa da ƙara, yau bai yi ƙara ba ko sau ɗaya. Sulɓi yake yi. Na Masta ma haka, shiru, kamar ana jan yatsa a kan faranti. Takarda mai danshi ba ta yin haka, kama baki take yi ta yage. Na san wannan, don rumfata tana yoyo.

Na ɗaga littafin na karkata shi wajen hasken taga. Ga shi nan a tsakiyar shafi yana ƙyalli: tafin hannu, da yatsu biyar, da sawun inda aka guga, daga layi na goma sha ɗaya har na sha huɗu.

Talatala ya gani. Litiana ma ta gani.

Na ajiye. Na goge bakin alƙalamina da haɓar zanena, na sake gogewa, na ciro 'yar takardar gwajina daga aljihu na ja layi. Ya ƙi. Na ja na biyu, ya ƙi. A na uku ya kama, shuɗi, siriri, ba yankewa. Na sauko ƙasa da sawun hannun, layi na goma sha biyar, na ɗora.

Ƙar.

Babu waƙa, babu tari, saboda haka har bencin ƙarshe an ji shi. Ƙar-ƙar-ƙar. A. P. I. Ban yi sauri ba, don ban iya sauri ba. Na rubuta Apisai da sunan mahaifinsa da tsibirinsu. Na sauka layi na gaba.

"Wa ke karce littafin?" in ji Masta. "Na riga na rubuta."

Na ci gaba da L.

"Talatala, na ce na riga na rubuta. Me yake ƙarawa?"

Litiana ce ta saki hannun angonta ta kama na kakanta.

"Kaka, bai fito ba."

"Mene ne bai fito ba?"

"Rubutunka. Shafin fari ne."

"Alƙalamin nan ya girmi uwarki, bai taɓa ƙin rubutu ba."

"Ba alƙalami ba ne, Masta," in ji Talatala a hankali. "Mai ne ya taɓa takardar."

"Man wa?"

Na gama sunan Litiana, na shiga shaidu. Ban ɗaga kai ba. Sai muryar Sala daga cikin mawaƙa:

"Ba dai na Waisale ba! Har gindin mangwaro na bi shi da kwalba ya hana ni hannuwansa. Ku duba su, kamar ƙafar kaza!"

Wasu suka fara dariya, suka haɗiye. Na dubi Masta. Na ga babban yatsansa yana murza sauran yatsun, a hankali, sau biyu, sau uku. Ya laluba bayansa ya zauna.

Na sa aya, na hura wa tawadar iska, na ɗaga hannu. Mawaƙa suka rasa inda za su kama, sai shugabarsu ta ja amin, kowa ya bi.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. A bakin ƙofa Talatala ya ce wa Nemani, shugaban dattawa, "Ni zan ci abinci in sauka bakin ruwa. Rabin awa. Sharaɗinku ne, ba nawa ba. Ku duba ku gaya mini, da littafi zan tafi ko babu."

Dattawa suka zauna a rumfar ganyen kwakwa, kwanon yangona, jiƙon saiwar da ake sha a taro, a tsakiya, littafin a buɗe a kan sabuwar tabarma. Ni ina can ƙarshe kusa da turke. Daga ɗaya rumfar ana jiyo mata suna rabon kifi da rogo, amma ba hayaniya irin ta biki. Kunnuwansu suna wajenmu.

"Sunaye dai sun fito tsaf," in ji Nemani.

"Sun fito. Amma layi huɗu a buɗe," wani ya ce. "Tun da aka fara littafin nan an taɓa tsallake layi?"

"Ga kuma wannan tabon. Kamar an kashe ƙuda."

"An ce in ya rubuta lafiya. Wannan lafiya ce?"

"To da bai rubuta ba fa, da yanzu yarinyar nan aurenta yana ina?"

Suka yi ta juya magana, kowa na faɗin rabi yana satar kallon Masta. Duk wanda ke rumfar ya taɓa miƙa masa tafin hannu a aji. Na san ba za su yanke komai ba sai ya yi magana, na kuma san abu mafi sauƙi a gare shi shi ne ya yi shiru. In ya yi shiru, rabin awa za ta cika, littafi ya bi ruwa, da shafin da sawun hannun da ke jikinsa, ba mai sake buɗe shi a Nasoki.

An miƙa masa ƙoƙon yangona, ya tafa, ya sha, ya mayar. Shiru.

Daga bakin teku mai kwalekwale ya ta da inji, ya kashe. Gargaɗi ne.

"Waisale," in ji Nemani, "kana da abin cewa?"

Ina da shi. Tun daga coci nake ta jera shi a raina. Amma na duba na ga duk abin da zan faɗa sai ya bi ta kan tsohon nan, kuma kowa ya riga ya sani.

"Tabon nawa ne," na ce. "Shi ke nan."

Masta ya ɗago. "Yaya aka yi?"

"Na girgiza shi."

"A kan littafi?"

"I, Masta."

"Ba a girgiza alƙalami a kan littafi."

"Na sani. Tsoro na ji. Kuma na bar shi a aljihu ya sha zafi, alhali na san halinsa."

Sai ya ce, "Karanta mini abin da ka rubuta."

Na matso a gwiwa na karanta, suna bayan suna. Ya tsayar da ni a sunan mahaifin ango ya ce in faɗi haruffan. Na faɗa. Ya ce in kusanto masa da shafin. Ya miƙo hannu zai karɓa, sai ya tsaya, ya mayar da hannun cinyarsa. Na riƙe masa. Ya sunkuya, ba don ya gani ba. Shinshinawa ya yi.

"Layukan nan huɗu, me ka rubuta a kansu?"

"Ba komai. Ba za su karɓi tawada ba."

"Ba ka rubuta dalili a gefe ba?"

"A'a."

Injin ya sake tashi, wannan karon bai mutu ba. Na hango Talatala yana saukowa daga gidan amarya, jakarsa a hannu, yana nufo rumfarmu.

Masta ya karkata ya raɗa wa Nemani magana. Nemani ya gyara zama, ya tafa sau uku, ya ɗauko muryar da ake magana da ita a madadin manya. "Jama'a, babanmu ya ɗora mini nauyin in isar da cewa, a cikin al'amarin da ya wakana, wanda zafin rana da gaggawa suka..."

"Bari, Nemani."

"Masta?"

"Ba kai ka yi magana a coci ba."

Ya nemi sandarsa. Mutum biyu suka tashi za su kama shi, ya ture su. Sai da ya yunƙura sau biyu sannan ya miƙe. Bai tsaya a rumfar ba. Ya taka har filin da ke tsakaninmu da mata da baƙi, cikin rana, furannin wuyansa sun yi laushi. Cokula suka daina ƙara. Talatala ya tsaya inda yake.

"Talatala, sauka ka tafi, ruwa na janyewa. Littafi zai zauna a gida." Ya juya yana neman inda nake, bai dace ba, yana fuskantar turke. "Waisale, kana ina?"

"Ga ni, Masta."

Ya gyara tsayuwa ya fuskanci muryata. Ya ɗaga hannunsa na dama, tafin a buɗe, yana ƙyalli.

"Wannan hannun ne ya ɓata shafin. Bakin nan kuma shi ya tozarta ka a gaban jikokinka da baƙi, a kan laifin da ba naka ba. Na ce haruffa sun gudu daga kanka, ƙarya na yi maka." Ya ɗaga murya yadda na can baya za su ji. "Na yi kuskure, Waisale. Ka yafe mini."